Tabon da Dangi Suka Zo Gani

Ranar da aka fito da Sadiƙa daga ɗakin tiyata, yayata Kaltumi ba ta tsaya tambayar ko yarinyar ta farfaɗo ba. Mayafin ta ɗage, ta leƙa cikinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Mahfuzu, ina aikin?"

"Ga shi nan a gabanki, Yaya."

"Ina? Waɗannan 'yan filastocin? Ai ko ƙaho wanzami ya yi mini ya fi wannan barin alama."

Na ce mata ai abin mamakin ke nan. Ta ce ita ba mamaki ta zo gani ba.

Sadiƙa autata ce. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata. Tana goye uwarta ta rasu, Kaltumi ta ɗauka ta raina, saboda haka duk abin da ya shafi cikin yarinyar nan Kaltumi na ganin nata ne, tunda ita ta daɗe tana cika shi. Ciwon kuwa ya jima. Tun kafin aurenta take fama da murɗa da gudawa, wani lokaci har da jini, ta rame har awarwaro ya daina zama a hannunta. Aka ce basir ne, aka ce tsutsa, aka ce shawara, wata tsohuwa a Mayo-Oulo ta ce zuba mata aka yi a abinci. Duk wanda ya zo da jiƙonsa, Sadiƙa ta karɓa hannu biyu ta shanye, ta yi godiya, ta zagaya bayan gida ta yi kukanta. Ba ta iya ce wa babba a'a ba. Haka aka tashe ta, kuma har yabonta ake yi a kan haka.

Dokta Ghislain ne ya gano sunan abin. Mutumin duwatsun wajen Figil ne, Hausarsa ta kasuwa ce, in ta ƙare masa ya ciko da Fillanci ko Faransanci. Ya ce Crohn ake kiran cutar. Wai jikin mutum ne ke yaƙi da hanjinsa, hanjin ya kumbura, ya yi gyambo, ya warke, ya sake yi, har wani wuri ya tsuke abinci ya kasa wucewa. Na tambaye shi me hanjin ya yi wa jikin. Ya ce su ma ba su gama sani ba. Amsar nan ta burge ni, na daɗe ina juya ta a raina. Ya ce magani ya yi iya yinsa, yanzu sai an yanke wurin da ya tsuke an haɗa bakin biyu. Ba rabuwa ce da cutar har abada ba, za ta ci gaba da shan magani, amma za ta ci abinci kamar mutane.

Sai ya ƙara da cewa wasu likitoci baƙi sun zo da wata na'ura asibitinsu na ɗan lokaci, shi ma ya koyi aiki da ita. Robo suke ce mata.

Ni fa mai gyaran keken ɗinki ne a babbar kasuwar Garwa. Ban yi nisa a lakwal ba, malamin ya ce na fi kallon taga a kan allo. Tun ina yaro in aka ce ga wani abu da ba a saba gani ba, ƙafata ba ta zama. Na taɓa shan hanya har Banyo don ganin ɗan maraƙi mai kai biyu, na tarar ya mutu an binne. Da yamma nakan tsaya a gadar Binuwai ina jiran dorina ta yi hamma. To yau ga keke mai ɗinke hanjin mutum ya zo har garinmu.

Dokta ya zana mini ita a iska da hannunsa. Hannuwa huɗu gare ta, sirara, suna rataye bisa marar lafiya kamar ƙafafun gizo-gizo. A yi wa ciki 'yan ƙananan huji a zura su. Ɗaya ido ne, sauran almakashi da hantsaki. Shi likitan ba ya ko tsayawa kusa. Can gefe yake zaune, ya cusa kansa cikin akwati kamar masu ɗaukar hoto na da, yatsunsa cikin zobba, ƙafafunsa a kan feda. In ya motsa yatsa a nan, hantsaki ya motsa can cikin mutum, ba rawar hannu ko kaɗan.

"Feda?" na ce. "Irin ta keke?"

"Kusan haka, Baba."

"Wace lambar allura take ci? Ana ɗiga mata mai?"

"Baba, don Allah," in ji Sadiƙa.

Mijinta Bilya direban motar siminti ne, kullum yana hanya, ta waya ya ce duk abin da na gani shi ne. Kaltumi ta ce ba za a damƙa 'yarta ga ƙarfen da bai san bisimilla ba. Sadiƙa ta sunkuyar da kai, amma da Dokta ya miƙo biro ta karɓa ta sa hannu. Aka yi aikin. Na roƙi a bar ni in tsaya ko a bakin ƙofa ne in leƙa, suka hana.

Da yammar ranar Dokta ya zo ya same mu. Ya ce aiki ya yi kyau. Huji huɗu, da wani ɗan yanka a ƙasan mara da bai wuce tsawon yatsa ba, inda aka zaro ruɓaɓɓen hanjin.

"To a kawo mu gani," in ji Kaltumi. "Da aka yi wa mijina aiki, a kwano aka kawo mana abin, kowa ya gani ya yi salati."

"An tura shi Yawunde, Goggo. Za su duba shi da madubi."

Kaltumi ta kalle ni, ta taɓe baki. Ba tabo, ba abin da aka ciro.

Dokta ya juya gare ni, ya rage murya, amma Sadiƙa na ji. "Baba, ka saurara. Waje ƙarami, ciki babba. Ɗinkin yana can ciki, ɗanye ne, hanjinta kuma ya daɗe da rauni, bai ma farka daga barci ba. Ruwa kaɗan kaɗan. In na ce kunu, to tsararo. Ba ganye, ba gyaɗa, ba nama, ba jiƙon kowa. In ɗinkin nan ya ɓalle, sai na buɗe ta da wuƙa tun daga nan har nan, in fito da bakin hanji ta gefen ciki, ta riƙa yawo da jaka a manne. Ba na son haka."

Da ya fita Sadiƙa ta kamo gefen rigata. "Baba, ni ba zan iya hana su ba, ka san ni. Kai za ka hana. Ba na son jakar nan."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na ɗauko kujera na dasa a bakin ƙofa.

Washegari dubiya ta fara. Wanda bai san danginmu ba ba zai gane ba. Kakanninmu fatake ne, sun bazu, sun haifu, babu unguwar da ba mu da wani a Garwa. Kuma a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kwano ake ɗaukowa, a buɗe a gaban marar lafiya, a ce ko loma ɗaya ce a taɓa don albarka. In ya ƙi ci, an ce ya raina mai kawowa. In kwano ya koma gida da abinci a ciki, to magana ce da za a yi ta yi har bikin jikoki.

Suka yi ta zuwa a kan moto, wato babur, kwanuka ɗaure cikin ɗankwali. Tuwon dawa da miyar folere, wato yakuwa, mai gyaɗa. Soyayyen kifin madatsar ruwan Lagdo. Dambun nama, fura da nono, farfesun kaza da barkono har yana sa atishawa tun daga baranda. Kowacce kuma kafin ta zauna sai ta ce a nuna mata wurin. Kaltumi ta riga ta baza labari, sun zo su gani da idonsu. Su ɗaga mayafi, su leƙa, su kalli juna.

"Ikon Allah. Wannan ai kamar sauro ne ya cije ta."

"Ni da na ji tiyata har na yi kuka a gida. Ashe da sauƙi."

"Tashi ki ci abinci, 'yar nan. Yunwa ce ke kwantar da ke."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce hannuwa huɗu, na ce ido a cikin ciki, na ce feda. Na kwatanta musu da riga mai shafi, wadda ɗinkinta duk yana ciki ba a gani daga waje. Matar ƙanena ta ce, "Baban Sadiƙa har yanzu yana nan da labaransa," suka yi dariya, suka ci gaba da kwance ɗankwali.

Da na ga bayani ba ya ci, sai na koma dabara. Duk wadda ta zo in ce barci take yi, Sadiƙa kuwa ta rufe ido da sauri. In karɓi kwanon in ce in ta tashi za ta ci. In sun tafi, in ci abin da zan iya, sauran in raba wa masu jinya a ɗakunan kusa. Akwai wata Chantal da ke jinyar mijinta mai karaya, ita kaɗai ta taimake ni da rabin kifin Lagdo. Rosine, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Sadiƙa, ta ce in na ci gaba a haka ni ne na gaba a kan tebur. A wanke kwanuka, a mayar. Kowa ya ji daɗi, ba a raina kowa ba. Na ɗauka na yi wayo.

Ashe kwanon da ya koma wankakke shi ma magana yake yi. Kafin a jima labari ya zaga cewa Sadiƙa ta warke, tana ci kamar leburan lodin siminti. Wadda ta kawo kwano ɗaya jiya, yau ta kawo biyu. Waɗanda ba su zo ba suka ji kunya suka ɗora tukunya. Kaltumi kuwa abin ya tsaya mata a rai.

"Ta ci na matar Sani, ta ci na Hajja Dudu, ni da na goya ta kullum in na zo barci take yi?"

"Yaya, likita ya ce..."

"Likita ya ce, likita ya ce. Kai da likitan wa ya taɓa yi mata tsarki? Yarinya ta shekara da shekaru ba ta ci ba, an buɗe hanya, sai a bar hanyar ta sake toshewa?"

Na ga in na faɗa mata gaskiyar inda abincin ke zuwa, kafin la'asar duk dangi sun ji, in shiga uku.

Abin ya faru ne da azahar. Na je masallacin asibiti na yi salla. A hanyar dawowa na bi ta bayan ɗakin tiyata, ba don komai ba, hanyar ta fi inuwa. Sai ga ƙofa a buɗe, ana goge-goge, ga na'urar nan tsaye an naɗe hannuwanta sama kamar ƙoƙi-ƙoƙi mai addu'a. Fara ce tas. Gaɓoɓinta sun fi na mutum yawa. Wani ma'aikaci ya taɓa wani abu, hannu ɗaya ya miƙe a hankali, ba ƙara, ba girgiza, ya lanƙwashe ta inda hannun ɗan Adam ba ya lanƙwasa. Na yi shekaru ina kwance kekuna, ban taɓa ganin ƙarfe mai ladabi irin wannan ba. Na tsaya ina tunanin yadda duhun cikin mutum yake, da yadda aka kunna fitila a cikin Uwata, wurin da ko rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ban san ko na daɗe ba. Ni dai a ganina ban daɗe ba.

Da na dawo na tarar Kaltumi zaune a bakin gado, kwano a cinya, hannunta dumu-dumu da miya. Tuwo ne da folere, ga gyaɗa, ga ganye. A gefe ga kofi da sauran wani baƙin jiƙo. Sadiƙa na zaune an jingina ta da matashi, tana haɗiya, hawaye na bin kumatunta.

"Yaya, me kika yi?"

"Abinci na ba 'yata. Ga shi tana ci. Kuka take yi don daɗi."

Sadiƙa ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Sai amai, kore shar, ba tsayawa. Jikinta ya ɗau zafi. Rosine ta kore mu waje, ta kira Dokta. Ya zo da sauri, ya shiga, ya jima, ya fito. Ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Hausar ma ta gudu ta bar shi, da Faransanci ya fara, sannan ya dawo.

"Wa ya ba ta? Baba, ba kai na gaya wa ba?"

"Salla na je."

"Ɗan tuwo ne fa, bai kai loma goma ba," in ji Kaltumi. "Da can ai tana cin na kowa ba abin da ya same ta."

Dokta ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce zai sa mata roba ta hanci ya zuƙe abin da ya taru, a ɗauki hoton cikin, a jira. In hanjin ne kawai ya yi fushi ya tsaya, zai sauka. In ɗinkin ne ya buɗe, sai wuƙa, sai jaka.

Muka zauna a baranda ni da Kaltumi. Carbi take ja, ni ma ina ja, amma raina na tafasa. An yi wa yarinya aikin da ko a mafarki kakanninmu ba su gani ba, an shiga cikinta an fito kamar ɓarawon da bai taɓa ƙofa ba, sai ga tuwon dawa zai rushe komai. Kuma ba don ƙiyayya ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, babu wanda zan kama in ce mugu ne.

Hoton ya nuna ɗinkin yana nan. Dokta ya ce bai tabbata ba tukuna, a dai ci gaba da kallo. Aka bar mu muka shiga. Sadiƙa na kwance, roba ta fito ta hancinta an manne da filasta, tana zubar da koren ruwa cikin wata jaka a ƙasan gado, ga ƙarin ruwa a hannu.

Kaltumi ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo 'yata. Ashe yarinyar nan ba ta da lafiya."

Shekarun da yarinyar nan ta yi tana zubar da jini ba su gaya mata ba, likita bai gaya mata ba, sai roba.

Kwanakin da robar ke hancinta mun sha iska. Masu dubiya su leƙo, su ga roba, su yi salati, su koma da kwanukansu ba wanda ya ji an raina shi, don kowa ya san mai roba a hanci ba ya cin tuwo. Zazzaɓin ya sauka. Cikin ya saki. Wata safiya Rosine ta tambaye ta ko ta yi tusa, Sadiƙa ta rufe fuska da mayafi ta gyaɗa kai, Rosine ta tafa hannu kamar an yi haihuwa. Dokta ya zo ya danna cikin, ya saurara, ya ce hanji ya farka, ɗinki ya riƙe, amma saura kaɗan. Ya zare robar. Ya ce kunu tsararo, cokali cokali, kuma ko an koma gida sai an daɗe ana lallaɓawa.

Kaltumi ta zo ta ga ba roba, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi. Wancan karon folere ce ta yi mata tsami, kuskurena ne. Gobe farfesun kayan ciki zan kawo. Hanji ai shi ke gyara hanji."

Ta fita tana lissafin wurin mahaucin da za ta je. Na bi bayanta da kallo. Na ji kamar in kwanta a ƙasa.

Sadiƙa ce ta yi magana. Ba ni ta kira ba.

"Madam Rosine, kina da bandeji babba?"

"Na me? Hujin naki sun bushe."

"Babba nake so. Daga nan har nan." Ta ja yatsa tun daga ƙirji har mara, daidai inda Dokta ya nuna ranar da ya yi maganar wuƙa. "Ki sa auduga da yawa. Ki zuba jan maganin nan ya ɗan fito ta sama."

Rosine ta kalle ta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙarfen gado. Ta ce sai ta tambayi Dokta. Dokta ya zo, ya ji, ya cire tabarau ya murje ido.

"Na je har ƙasar waje na koyi yadda ba zan yanka mutum ba," in ji shi. "Yanzu in sa a yi mata kwalliyar yanka?"

"Ko ka tsaya ka ci farfesun Goggo da kanka, Dokta," in ji Rosine.

Ya mayar da tabaransa. Ya ce shi bai ga komai ba, a dai riƙa canzawa saboda zafi kada fata ta yi ƙuraje.

Ni ne na ƙi. Na ce wannan zalunci ne. Na'urar nan ta yi aikinta tsaf, ba ta bar ko zare a waje ba, sai a rufe aikinta da tsumma a ce na wuƙa ne? Na ce a bar ni in sake yi wa Yaya bayani, wannan karon zan zo da riga mai shafi in farke a gabanta.

"Baba," in ji Sadiƙa, "ka yi bayani. Na ji ka, har ta cikin barcin ƙarya na ji ka. Ba ƙarya na ce ka yi ba. Shiru kawai nake roƙo."

"Uwata, shirun ai..."

"Ka iya ko ba ka iya ba?"

Ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na ce zan gwada.

Washegari Kaltumi ta shigo da kwanon farfesu, ƙamshi ya cika ɗakin. Sadiƙa na kwance ta yi lamo. Rosine ta yi kamar tana gyara mayafi, ta bar shi ya zame. Ga bandeji fari ƙato tun daga ƙirji har mara, ja ya ɗan tsattsafo a tsakiya.

Kwanon ya kusa suɓuce wa Kaltumi. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali.

"Inna lillahi. Yaushe?"

Ba wanda ya amsa.

"Sai yanzu suka yi aikin ke nan. Ni dai na faɗa." Ta miƙa hannu za ta taɓa gefen bandejin.

"A'a, Goggo," in ji Rosine. "Abin da ke ƙarƙashin nan ba na kallo ba ne."

Kaltumi ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Ta zauna ta kama ƙafar Sadiƙa tana matsawa, tana kuka ƙasa ƙasa. Can ta ɗago ta dube ni.

"Ka gani ko, Mahfuzu? Kai da ƙarfenka. Ka sa an wahalar da yarinya sau biyu. Da tun farko an yi na gaskiya da yanzu ta tashi. Ka yi magana mana, ina feda, ina hannuwa huɗu?"

Na dubi Sadiƙa. Ido ɗaya ta buɗe.

"Haka ne, Yaya," na ce.

Tun daga ranar Kaltumi ta ƙwace kujerata ta bakin ƙofa. Ban taɓa ganin gadi irin nata ba. Matar ƙanena ta zo da dambu, ta tare ta tun daga baranda. "Ke ba ki da hankali? Mutum an farke shi kamar buhu ki kawo masa dambu?" Ita ke dama kunun da kanta, ta tace, ta sake tacewa, ta ba ta da ƙaramin cokali tana hura mata. Da tsohuwar Mayo-Oulo ta aiko da sabon jiƙo, a kwata ta zubar. Ni ma in na daɗe a ɗakin sai ta ce in fita, surutuna na hana ciwo haɗewa.

An sallame ta, tana gidan Kaltumi yanzu. Ba jaka. Ta fara cin shinkafa mai laushi da ɗan kifi, kumatunta sun soma dawowa. Bandejin na nan, da zafin Garwa da komai, Rosine ke biyowa in ta tashi aiki ta canza shi a ɗaki a kulle. Na tambayi Sadiƙa har yaushe.

"Sai Dokta ya ce hanjina ya yi ƙwari. Ranar zan cinye tuwon Goggo tas, sannan in cire a gabanta. In ta ga dama ta yi ta faɗa har Sallah."

Likitocin baƙi sun naɗe na'urarsu sun wuce wani gari. Labarin da ke yawo a kasuwa shi ne ta kasa, sai da aka koma wuƙa. Jiya wani tela ya kawo mini kekensa yana tsallake ɗinki, ya zauna a benci yana kallona ina kwance shi.

"Malam Mahfuzu, da gaske ne robon nan ya ba ku kunya?"

Na hura ƙurar da ke cikin kwalbar zare. Na daɗe ina hurawa.

"Miƙo mini man nan," na ce. "Kai kuma ka daina sa wa keke allurar da ba tasa ba."